Ƙafa a Kan Matashi na Biyu

Ni ne na kawo kyamarorin nan gasarmu. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don in ka je Santa Rufina ka tambaya, kafin ka rufe baki wani zai nuna maka gidana. Sunana Cirilo, amma tun ina saurayi ake ce min Barkono, kuma ba don daɗin hali ba ne. Shekara goma sha tara ina horar da 'Yan Adda, ƙungiyar besbol ta garinmu, kuma sau nawa alƙalin wasa ya kore ni daga fili, ni kaina na daina ƙirgawa.

Akwai alƙali ɗaya da na fi kowa yi wa ihu, shi ne Anastasio, wanda kowa ke kira Tacho. Tare muka tashi, tare muka sha raken da ba namu ba. Shi ya riƙe ɗana Aneudi a coci ranar baftisma, tun daga ranar kuma muke kiran juna kompai. Shekara bakwai kafin abin da zan ba ka labari, a wasan ƙarshe na gasa, yaronmu ya zamo ya taɓa gida, wato farantin da mai gudu ke taɓawa a ƙirga masa ci, Tacho ya ce ƙwallo ta riga shi, ya fita. Kofin ya tafi wani gari. Washegari jarida ta buga hoto: hannun yaron a kan faranti, ƙwallo kuwa tana sama ba ta ma iso ba.

Da yamma Tacho ya zo gidana da hula a hannu. Ya ce, "Kompai, na yi kuskure. Mai kamun ƙwallo ne ya tare min gani." Ban ba shi kujera ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har ya gaji ya tafi, ni kuma na yanke hoton na liƙa a bangon falo, matata Belkis tana share masa ƙura duk Asabar tana tsaki.

To da wani mai sayar da wayoyi ya ce zai ba gasarmu kyamara huɗu da babban allo in za a rubuta sunansa a jikin katanga, ni na fara miƙewa a taron watan Janairu. Mu takwas ne masu horarwa, da alƙalai huɗu, da shugaban gasa, a wani ajin makaranta, kowa ya cusa gwiwa ƙarƙashin teburin yara. Na ce manyan gasanni duk sun koma duba bidiyo, mu me muke jira, sai an sake yi wa wani fashi da rana tsaka?

Tacho ya bari na gama. Shi ba ya katse mutum, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi. Ya ce, "Ba na tsoron a kama ni da kuskure. Ina yi, ga Cirilo nan shaida. A gida da matashi na ɗaya ku sa kyamara goma in kuna so. Amma akwai abin da muke gani mu kawar da kai, kuma ba makanta ba ce."

Kowa a ɗakin ya san abin da yake nufi. A filin besbol akwai wurare uku da muke kira matashi, don sun yi kama da matashin kai, mai gudu yana bin su ɗaya bayan ɗaya kafin ya koma gida. In akwai mai gudu a matashi na ɗaya aka bugo ƙwallo ta ƙasa, ana so a fitar da mutum biyu a tafi ɗaya. A jefa wa mai tsaron matashi na biyu, ya taka matashin, ya juya ya wurga wa na ɗaya. Littafin doka ya ce sai ƙafarsa tana kan matashi a lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa. To amma a daidai lokacin nan wani ƙato yana tahowa a guje, zai zube ƙasa ya zamo da ƙafafu a gaba, ƙasan takalminsa duk ƙusoshin ƙarfe, kuma aikin da aka sa shi ke nan, ya kwashe ka kada ka yi jifan. Shi ya sa tun zamanin kakanninmu mai tsaro yakan shafi matashin ya kauce taki ɗaya kafin ƙwallo ta iso, alƙali kuma ya ce mai gudu ya fita. Maƙwabtaka muke ce masa. In dai ƙafarka tana maƙwabtaka da matashi, an ba ka, ba wanda ya taɓa rubuta shi kuma ba wanda ya taɓa musu.

Tacho ya fi kowa sanin dalili. Shi ma mai tsaron na biyu ne a da, kuma ya fi ni iya wasa nesa ba kusa ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya wani baƙon alƙali mai bin littafi ya ce sai an taka, ya taka, aka kwashe masa gwiwar hagu. Tun daga nan yake jan ƙafar, tun daga nan kuma ya sa baƙar rigar alƙalanci.

Na san duk wannan. Amma abin da na ce masa shi ne, "Tsoho, ka faɗi gaskiya kawai, idonka ya mutu. Ka je ka zauna gindin mangwaro ka buga domino."

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su so yi ba. Sai Plinio, mai horar da 'Yan Kwale-kwale na Boca Vieja, ya ɗaga hannu. Mutum ne mai tumbi da sanyin murya, kullum da tsinken sakace a baki. Ya ce, "Ku ji. Mu karɓi bidiyon. Amma maƙwabtaka ba mai kai ƙararta. Ba sai an rubuta ba, ai duk maza ne a nan." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, Allah ya gani na gyaɗa.

Yanzu sai in gaya maka ɗana. Aneudi shi ke tsaron matashi na biyu a ƙungiyata, kuma ba don ɗana ba ne, ka tambayi maƙiyana. Yana da shekara sha bakwai Amurkawa suka ɗauke shi sansaninsu, yana da sha tara suka sallamo shi da jakarsa, wai ya cika gajarta. Shekara biyar yana acaba da safe, da la'asar ya zo fili in yi ta buga masa ƙwallo har hannuna ya sage. Ban taɓa ganin mai saurin hannu irinsa ba. Ƙwallo ba ta zama a safar hannunsa, shigarta da fitarta ɗaya ne.

A wurinmu ɗan wasa mai shekara ashirin da huɗu tsoho ne, ba mai sake ƙwanƙwasa masa ƙofa. Amma a wannan shekarar wani Leocadio, mai nemo wa wata ƙungiyar Japan 'yan wasa, ya zo ya gan shi sau biyu. Ya ce ranar wasan kusa da na ƙarshe zai zo da maigidansa Bajapane, in mutumin ya ga abin da shi ya gani, a watan gaba Aneudi zai hau jirgi. Wannan ita ce dama ta ƙarshe, shi ya sani, ni na sani, uwarsa ma da ba ta son zancen ƙwallo ta sani.

Ranar Lahadin, Belkis ta dama masa dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai da albasa, ta tsaya a kansa sai da ya cinye. Yana ɗaure takalmi ya ɗago ya dube ni.

"Baba, Baba Tacho ne a na biyu yau."

"Sai me?"

"Ba komai. Ka dai riƙe zuciyarka, don Allah."

"Kai za ka koya min aikina?"

Belkis ta ce daga kicin, "Wani dai ya koya maka, tunda ni na kasa."

Da muka isa fili, kamar yadda ya saba, ya wuce wurin Tacho ya cire hula. "A sa min albarka, Baba." Tacho ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro." Shekara bakwai ban yi wa mutumin magana ta arziki ba, amma ban taɓa hana yaron zuwa ba, wannan ko ni ban isa ba.

'Yan Kwale-kwale ne abokan karawarmu. Ƙarfe uku na rana, zafi kamar a bakin tanda, fili ya cika har kan katanga, masu ganga da ƙaho sun hana kowa jin na kusa da shi. Bajapanen yana layin gaba da farar hula da ɗan littafi, Leocadio yana yi masa fifita da jarida. Aneudi kuwa ya yi wasa kamar ya san ranar tasa ce. A zagaye na uku ya yi nitso ya cafke wata ƙwallo da kowa ya ɗauka ta wuce, ya yi jifa yana kwance. Na ga Bajapanen ya daɗe yana rubutu.

Zagaye na shida, biyu da biyu. Mu ke dukan ƙwallo, muna da mutum a na ɗaya da na uku, an fitar mana da ɗaya. Yaronmu ya bugo ta ƙasa. Suka jefa wa mai tsaron na biyunsu, ya shafi matashi ya kauce, ƙwallo ta same shi taki guda daga wurin. Tacho ya dunƙule hannu, alamar mai gudunmu ya fita. Aka wurga na ɗaya, shi ma ya fita. An fitar da uku ke nan, zagaye ya ƙare, mutuminmu da ya shiga gida daga na uku ba a ƙirga mana shi ba. Da an ce mai tsaron bai taka ba, da mun wuce su da ɗaya.

Wasa ne irin wanda na gani sau dubu, sau dubu kuma ban ce uffan ba. Amma hannun Tacho ne ya dunƙule, kuma ga allo can a tsaye. Ban san lokacin da na miƙe ba. Aneudi ya riƙo bayan rigata.

"Baba, kun yi alkawari."

"Sake ni."

"Maƙwabtaka ce, Baba. Ni ma haka nake yi."

Na fizge rigata na fita fili. Tacho ya tsaya yana jirana, hannuwa a baya. Na dafa kunnuwana da hannu biyu, alamar ina son a duba bidiyo ke nan. Bai motsa ba.

Ya ce a hankali, "Kompai, ka tabbata?"

"Je ka sa abin kunnenka."

"Ni za ka kunyata, na sani, kuma na yarda. Ka zage ni a gaban mutane in kana so, ba zan kore ka ba. Amma wannan ƙofar in ka buɗe ta ba mai rufewa."

"Tsoro kake ji?"

Sai ya juya ya ja ƙafarsa zuwa bakin katanga inda abin kunnen yake rataye. Akwai wani ɗan ɗaki a saman 'yan kallo, a nan mai duba bidiyo yake zaune, shi yake gaya wa alƙali abin da ya gani. Amma ba a ma buƙaci ya yi magana ba. Allo ya nuna wa duniya: ga matashi, ga ƙafa, tsakaninsu sai ka ajiye kwano. Tacho ya cire abin kunne, ya baza hannuwa biyu, mai gudu ya tsira. Uku da biyu.

Fili ya ɗauka. Wani ya fara waƙar "Tacho makaho", masu ganga suka amsa, mutum dubu biyu suka bi. Ni kuwa na cire hula na rusuna wa jama'a kamar wanda ya gama rawa. Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Baƙin cikin shekara bakwai na ji ya sauka daga ƙirjina.

Ina komawa rumfarmu Plinio ya tare ni a hanya. Bai ɗaga murya ba, bai ma cire tsinken daga baki ba. Ya ce, "Barkono, kai ka buɗe. Naka ɗan ma a na biyu yake tsayawa."

Na ce masa ya je ya rage tumbi. A rumfa yara suna ta dukan bayana, Aneudi kaɗai ya zauna a ƙarshen benci yana murza safar hannunsa. Bai dube ni ba.

Haka muka riƙe ukunmu da biyunsu har zagaye na tara, na ƙarshe. Su ke duka. Mun fitar da ɗaya, suna da mutum a na uku da kuma a na ɗaya. In muka fitar da biyu a tafi ɗaya, mun ci, mun tafi wasan ƙarshe. In muka kasa, na ukun ya shiga gida, an yi kunnen doki. Wanda ke na ɗaya kuwa Radhamés ne, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, mutumin da ke ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa ɗaya. Ba mugu ba ne, na san uwarsa. Amma na ga Plinio ya yi masa alama, shi kuma ya gyaɗa kai yana kallon matashi na biyu.

Na nemi a tsayar da wasa, na shiga tsakiyar fili, yarana suka kewaye ni. Na gaya wa mai jifa ya sa ƙwallo ƙasa-ƙasa don a bugo ta ta ƙasa. Sai Aneudi ya ce, "Baba, in ta zo a hankali fa?"

Na fahimci tambayar sarai. In ta zo da sauri, zai taka ya yi jifa ya kauce kafin Radhamés ya iso. In ta zo a hankali, sai dai ɗaya: ko ya kauce yadda aka saba Plinio ya kai ƙara ya ci, ko ya tsaya. Ina da bakin da zan ce masa ya kauce, kofi ba ƙafa ba ne, Bajapanen ya riga ya ga abin da ya zo gani. Maganar tana nan a bakina. Amma na tuna rusunawar da na yi, na tuna yadda allon nan zai nuna ƙafar ɗana a gefe, su rera min tawa waƙar.

Na ce, "Ka taka. Ka tsaya har ta shiga hannunka. Kada ka ba su abin kai ƙara."

Tacho yana tsaye bayanmu, ya ji. Alƙali ba ya sa baki a maganar ƙungiya, amma ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaro, ka kauce. Zan ba ka."

Na ce, "Ka ba shi, allo ya ƙwace."

Gaskiya na faɗa. Aneudi ya dubi ubangidansa Tacho, ya dube ni, ya ce, "To, Baba." Ya koma wurinsa.

A hankali ta zo. Ta yi tsalle uku kafin ta kai ga yaronmu na ɓangaren hagu, shi kuma ta ɗan kuɓuce masa, sai da ya sake damƙa. Aneudi ya riga ya isa, ya dasa ƙafar hagu a kan matashi, ya miƙa hannu yana jira. Daga inda nake ina ganin Radhamés yana tahowa, ina ganin yaron yana ganinsa. Bai ɗaga ƙafar ba. Ƙwallo ta shiga, ya juya, ya saki jifa, a daidai nan Radhamés ya iso da nauyinsa duka. Duk da ganguna na ji ƙarar, irin ta rake in ka karya shi a gwiwa.

Jifan ya isa na ɗaya kafin mai duka. An fitar da biyu, wasa ya ƙare. Waɗanda ke nesa suka fara tsalle, na kusa suka yi tsit. Na ruga. Tacho ya riga ni, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai kyau, ya ɗora kan yaron a cinyarsa. Aneudi bai yi ihu ba, haƙora kawai ya cije, ƙafar kuwa daga gwiwa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Radhamés yana zaune a ƙasa ya riƙe kai.

Sai na ga Plinio ya fito daga rumfarsu. 'Yan wasansa suna yi masa ihu, mai ƙungiyarsu yana dukan katanga. Bai dube ni ba. Ya ɗaga hannuwa ya dafa kunnuwansa.

Ƙa'ida ce, in an kai ƙara sai allo ya nuna, ni da kaina na dage a sa wannan a rubuce don kada alƙalai su yi rufa-rufa. Ɗana yana kwance a ƙasa ana jiran masu ɗauka, allo ya fara. Ya nuna daga gaba, ya nuna daga baya, ya nuna daga gefe, a hankali a hankali, ana tsayarwa ana mayarwa don a ga ko ƙafar tana kan matashi a lokacin da ƙwallo ta shiga. Kowane juyi sai an kai inda gwiwar ta lanƙwashe. Sau shida na ƙirga. Tacho ya cire hularsa ya rufe wa yaron fuska. Belkis tana layi na huɗu, ita ba wanda ya rufe mata.

Aka yi ta kiran Tacho ya zo ya sa abin kunne. Ya miƙa min kan yaron, ya tashi da ƙyar, ya tafi. Ya saurara, ya cire, ya juyo ya dunƙule hannu. Radhamés ya fita. Hukuncin daidai ne, ba mai musu, ƙafar tana tsakiyar matashi. Mun ci uku da biyu.

Suna ɗora shi a gadon ɗauka ya janye hular daga fuskarsa, ya nemo ni da ido.

"Baba, na taka?"

"Ka taka."

"To shi ke nan," ya ce, ya rufe ido.

Sau uku aka yi masa aiki. Likita ya ce jijiyoyi uku sun tsinke, ƙashi ya tsage, a gode wa Allah da ba a yanke ba. Bajapanen ya zo asibiti washegari, ya rusuna min har ƙasa, ya faɗi wata magana da Leocadio ya fassara da cewa abin tausayi ne. Ba mu sake jin su ba. Radhamés ya zo sau biyar da miyar kaza daga uwarsa, kullum sai ya yi kuka, Aneudi ne ke ba shi haƙuri. Wasan ƙarshe kuwa an ci mu, ban ma je ba. Belkis ta yi wata huɗu ba ta ce min komai ba sai "ga abinci". Wata Asabar na dawo na tarar ta cire hoton jaridar daga bango, sai tabon inda yake.

Da Janairu ta zagayo na koma ajin nan, na miƙe na ce a cire kyamarorin. Wani ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Aka kaɗa ƙuri'a, bakwai da ɗaya, har Plinio. Jama'a suna son allo, 'yan kallo sun ƙaru, kuma gaskiya ne an gyara kura-kurai da yawa a gida da na ɗaya, ni ma ba zan musa ba. Na ce to a rubuta maƙwabtaka a doka. Shugaban gasa ya ce, "Cirilo, in rubuta me? Kusa? Kusa yatsa nawa ne?" Na ce to mu koma alkawarin da muka yi. Kowa ya dubi teburinsa, don wanda ya karya shi ne yake roƙo. Na ce a hana zamiyar kwashe mutum. Suka ce za a duba. Shekara biyu ke nan ana dubawa.

A taron nan Tacho ya ajiye baƙar rigarsa a kan tebur, a ninke, ya fita. Bayan sati na je gidansa. Na tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Ya tashi ya jawo min kujera, ya ce wa matarsa ta kawo kofi. Har yau bai taɓa ce min ai na gaya maka ba. Da ya faɗa, da na samu wanda zan yi faɗa da shi, da ya fi min sauƙi.

Gwiwar Aneudi ba ta lanƙwasuwa. Acaba ya gagara. Ya so ya bi sawun ubangidansa ya zama alƙali, amma alƙali yana tsayuwar awa uku a rana, shi rabin awa ba ya iyawa. Sai gasa ta tausaya masa ta ba shi aikin zaune. Ɗan ɗakin nan na saman 'yan kallo, shi ke cikinsa yanzu duk Lahadi. Abokansa biyu ke tallafa masa ya hau matakala. Ya iya aikin kuwa, an ce ba a taɓa samun mai ido irinsa ba.

Ni na bar horarwa, amma ina zuwa in raka shi gida. Lahadin da ta wuce akwai wani yaro ɗan shekara sha takwas a na biyu, siriri, mai saurin hannu. Aka jefo masa, ya shafi matashi ya kauce yadda wani tsoho ya koya masa a garinsu. Alƙali ya ba shi. Mai horar da ɗaya ƙungiyar ya fito ya dafa kunnuwa. Na ɗaga kai na dubi tagar ɗan ɗakin, ina ganin ƙeyar ɗana ya sunkuya a kan na'ura. Ba a yi minti ɗaya ba alƙali ya baza hannuwa. A zagaye na gaba na ga yaron ya dasa ƙafa a kan matashi yana jira, sai na tashi na fita waje har aka tashi.

A hanyar gida muna tafiya a hankali, shi da sandarsa, ni ina riƙe masa jaka. Da muka wuce kantin kwana sai na ce masa:

"Yaron nan na yau. Da ka ce hoton bai fito sosai ba."

"Ya fito, Baba."

"Na sani. Amma da ka ce."

Ya tsaya ya gyara riƙon sanda. Ba fushi a fuskarsa, bai taɓa yi min fushi ba, ko sau ɗaya.

"Mutum dubu biyu sun gani a allo," ya ce. "Bai taka ba."

Muka iso kwatar da ke bakin layinmu, wadda a da yake tsallakewa da buhun shinkafa a ka. Ya miƙo min hannu, na riƙe shi ya haye.